Waƙar da Turmi Ya Ƙi

Kakata ba ta cikin tsofaffin nan masu ɗora jika a cinya suna shafa masa kai. In ka ji mutane suna tuna kakanninsu da lallashi da ɗan abin lasawa a bakin zane, to ba irin tawa suke nufi ba. Kaka Dije doguwa ce, busasshiya, da tsagar Arawa daga gefen baki har kunne. Bakinta ya fi hannunta zafi, ga shi hannun ma ba na wasa ba ne. Amma duk unguwarmu ta Gamkalle babu wanda ya kama ƙafarta a tatsuniya, shi ya sa muke jure mata.

Daga wani ƙauye na yankin Dogon Dutsi muka zo Yamai, ana gab da samun 'yancin kai, saboda Baba ya sami aikin tuƙin kamiyo, wato babbar motar kaya. Muka kama haya a wani gidan laka kusa da lambunan bakin gulbi, inda Zabarmawa ke noman salati da tumatir da karoti suna kai wa Turawa da sababbin manyan gari. Unguwar akwai sanyin rai, akwai kuma sauro wanda sai ka rantse haraji ya zo karɓa. Da an idar da magariba Kaka takan hura wuta a tsakar gida, ta ɗora ɗanyen ganyen bedi, wato darbejiya, don hayaƙi ya kore shi, ta binne gujiya a toka. Kafin wutar ta kama sosai yara sun kewaye ta, mu na gida da 'ya'yan maƙwabciyarmu Bibata, waɗanda Hausarsu ta kasuwa ce amma ba sa yarda a fara babu su. Idanu na hawaye don hayaƙi, ba mai motsawa. Gujiyar kuwa ba a ba ka ita don kana jika. Sai an gama, Kaka ta yi tambaya, wanda ya amsa daidai ya ci, wanda ya yi gyangyaɗi ya haɗiyi miyau.

Tatsuniyoyinta ba su da tausayi. A nata labarin marainiya ba ta cika auren ɗan sarki ba, kura kuma in ta kama ka cinye ka take yi. Na ji da yawa a bakinta, na manta da yawa. Guda ɗaya ce ta ƙi fita daga kaina, domin ba mu aka yi wa ita ba. Ɗanta ta yi wa, yana zaune a bayan zana yana ji.

Baba Nomau ƙanin mahaifina ne, shi ne autan Kaka, kuma makaɗin gurumi ne. Ni dai ban san mutum mai daɗin zama kamarsa ba. Shi ke kawo mini alewa a aljihu, shi ke kwaikwayon tafiyar liman har Inna ta kore shi da muciya tana dariya. Tun yana saurayi waƙoƙinsa ke tsallaka ƙauyuka kafin shi ya isa.

A ƙauyenmu akwai wata al'ada. Makaɗi in ya yi sabuwar waƙa ba ya fita da ita dandali sai ya kai ta bakin turmi. Da hantsi, mata na surfe, sai ya sami gefe ya zauna ya fara kaɗawa. Ba mai ce masa uffan. In waƙar na da rai, taɓare da kansu za su saki nasu bugun su koma bin gurumi, har a shiga lugude, ana cilla taɓarya sama ana tafi ana cafewa. In ba ta da rai, mata su ci gaba da dakansu kamar ba kowa a wurin, shi kuma ya tattara ya tafi ya sake lale. Sai a ce turmi ya karɓa, ko turmi ya ƙi. Babbar macen gida ce ke jan bugu, saura na bin ta, don in kika saɓa wa mai ja taɓare za su yi karo, yatsunki ne za su biya. Ga Baba Nomau, mai jan bugun uwarsa ce. Ta ƙi masa waƙoƙi ba iyaka, waɗanda ta karɓa kuwa babu wadda ta faɗi ƙasa.

Wadda ta yi masa suna a birni a Gamkalle ya kai ta bakin turmi, shekararmu ta farko. Ya yi ta yawo a tasha da kasuwa yana kallon 'yan ƙauye irinmu da suka shigo birni, sai ya fito da waƙar wani baƙauye da ya sayar da hauyarsa ya sayi takalmi, sa'an nan ya ɗora takalmin a ka yana tafiya bisa ƙaya don kada ya yi dauɗa. Ranar har Kaka sai da ta yi dariya. Waƙar ta shiga rediyo, ta cika gari. Masu wanki a bakin gulbi na yin ta, sojoji na yin ta, sunan Nomau ya ɓace, kowa sai Takalmi a Ka.

Daga nan wani depite, wato ɗan majalisa, ya ɗauke shi. Ya ba shi ɗaki a gidansa, ya ɗinka masa manyan riguna, ya saya masa agogo da takalma sau-ciki, ya haɗa shi da 'yan amshi biyu masu cewa "haka yake" tun bai rufe baki ba. Kowane dare baƙi su cika falo, su ce a yi musu Takalmi a Ka. Ya yi. Su ce a maimaita. Ya maimaita. In an ce ya wasa wani babba, sai ya ɗauko kirarin da ya yi wa na jiya ya sauya suna. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, Baba Nomau kuwa ya ci har ya yi tumbi. Wata rana ya kawo mana ziyara, Kaka ta tambaye shi yaushe zai kawo wa turmi sabuwa. Ya yi dariya ya ce, "Iya, nan fa birni ne. Nan rediyo ka karɓar waƙa, ba turmi ba." Ta kau da kai. Wanda ya san Kaka ya san ajiya ta yi.

Shekaru suka ɗan gangara. Wasu samari suka fito da gita da ƙahonin Turawa, manyan gari suka koma rawar da ake riƙe ƙugu. Depite zai aurar da ɗansa, sai ya aiko planto, wato masinjansa, ya gaya wa Baba Nomau cewa in yana da sabuwar waƙa ya zo da ita ranar biki, in kuwa wannan tsohuwar ce, to samari sun isa, ɗakin ma ana bukatarsa. Haka ya dawo gidanmu da akwatin rigunansa, aka gyara masa ɗan ɗakin da ke bayan zana. Kullum muna jin sa yana taɓa gurumi. Zai kama wata hanya, ya bi ta kaɗan, sai ka ji ta lanƙwasa ta koma Takalmi a Ka. Ya tsaya, ya yi tsaki, ya kama wata, ita ma can za ta kai shi. Ina da shekara goma sha wani abu lokacin, amma na gane mutumin nan nema yake bai samu ba, kuma na ji tausayinsa har cikin ƙashina.

A cikin kwanakin ne, wata magariba, Kaka ta hura wutarta. Baba Nomau na zaune a ƙofar ɗakinsa, muna hango jan wutar sigarinsa ta ramukan zana. Kaka ta gyara zama, ta ɗaga murya fiye da yadda tsakar gidan ke bukata.

"Ga ta nan, ga ta nanku. Wanda ad da kunne shi matso da shi kusa."

Muka ce, "Ta zo mu ji ta, Kaka."

Ta ce a wani gari an yi wani saurayi matalauci, ba gona ba akuya, sai kunnuwa faffaɗa. A bayan garin akwai wata tsohuwa cikin kogon kuka, tana da tukunyar da ba a dafa tuwo a ciki, sai waƙa. Ta ce masa in yana so, kullum ya kawo mata abin da kunnensa ya tsinto. Sai ya riƙa wuni yana yawo. Da yamma ya zo ya karkata kai bisa tukunya ya girgiza, abubuwa su zubo: faɗan mata a bakin rijiya, tarin tsoho da asuba, kukan ɗan akuyar da aka sayar da uwarsa, dariyar budurwa da ta hango wanda take so ta yi kamar ba ta gani ba. Tsohuwa ta juya, ta dafa, ta ba shi romon ya sha. Da safe ya tashi da waƙar da ba a taɓa ji ba.

Labari ya kai fada. Sarki ya kira shi, ya naɗa masa rawani mai ninki bisa ninki, har ya rufe kunnuwan nan ruf. Shi kuwa ba ya cire shi ko a wurin barci, don kada a ɗauka shi talaka ne. A cikin rawanin ba abin da ke ratsawa sai sunansa, saboda shi kaɗai fadawa ke faɗa da ƙarfi. Da ya koma wurin tsohuwa ya girgiza kai, sai sunansa ya faɗo cikin tukunya, ƙwal, shi kaɗai. Ta dafa, ya fito ruwa tsararo. Washegari ma haka. Ya aiki bayi su jiyo masa, suka dawo da abin da suka san zai so ji. Da abin ya ishe shi sai ya kama jakinsa da duka, ya koma kan matarsa, don ya sami kukan da zai kai. Tsohuwa ta leƙa ta ce, a muryar Kaka, "Kukan da kai ka sa anka yi ba shi dahuwa."

A ƙarshe ya durƙusa yana roƙo. Tsohuwa ta ce to, ya kwanta ya huta, za ta dafa masa wani abu na musamman. Da barci ya ɗauke shi ta warware rawanin, ta sa wuƙa ta yanke kunnuwan biyu, ta dafa su da daudawa da yaji, ta mayar masa da rawaninsa yadda yake. Ya farka ta miƙa masa akushi. Ya cinye, ya sha romo, ya lashe yatsu, ya ce tun da aka haife shi bai ci nama mai daɗin wannan ba. Ya koma fada ya ɗauko tsohuwar waƙarsa yana kwarara ta a karkace, don ba ya jin kansa. Mutane suka yi ta dariya har suna faɗuwa. Shi kuwa ya ga haƙora a waje, ya ɗauka daɗi suke ji, ya ƙara ɗaga murya. Sarki ya ce a bar masa shi, ya fi wawan fada ban dariya. Haka ya tsufa, haka ya mutu. Sai masu wankan gawa ne suka warware rawanin suka ga abin da babu.

Ƙaramar 'yar Bibata ta kama kunnuwanta da hannu biyu. Ni ce na yi ƙarfin hali na ce, "Kaka, don mi ta yanke mishi? Ai taimako ya zo nema."

Ta ce, "Abin da ba a aiki da shi, gara a sa shi miya. Ƙurunƙus. Wanda tat taɓa, shi ya sani."

Ranar ba ta yi tambaya ba. Ta tone gujiyar duka daga toka, ta zuba a faifai, ta miƙo mini. "Rabi, kai ma babanki. Duk cikinku shi yaf fi gane ta." Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ba a ce wa Kaka a'a. Na zagaya bayan zana. Yana zaune, sigarin ya ƙone har ya kai yatsa bai yar ba. Ya karɓi faifan, ya dube ni ya yi ɗan murmushi, ya ce, "'Yar Baba, ki ce mata na ji."

Da gari ya waye ya ninke manyan rigunansa ya sa a akwati, ya ajiye sau-ciki a ƙarƙashin gado, ya fita ƙafa ba takalmi. Haka ya riƙa yi kullum. Wani ya ce ya gan shi zaune cikin lambu wurin masu ban ruwa, wani ya ce a bakin gulbi inda masu wanki ke buga tufafi a dutse, wani ya ce a tasha cikin 'yan dako. Ƙafafunsa da suka saba da taushi suka farfashe, da dare Inna ke ba shi man kaɗe ya shafa. Ya rame, ya daina wasa da mu. Gurumin kuma ya koma yi masa magana ƙasa-ƙasa, yadda ba ma iya kama abin da yake cewa.

Ana gobe bikin ɗan depite, da hantsi, muna surfen hatsi. Mu uku ne a turmi, Kaka na ja, Inna na bi, ni ina biye da Inna. Bibata na gefe tana bakace. Sai ga Baba Nomau ya fito da guruminsa, ya sami gindin bango ya zauna a ƙasa, yadda ake yi a ƙauye. Ba wanda ya dube shi, haka al'adar take.

Ya fara da kirarin depite da na angon. Ko ni na san ɗumame ne. Taɓare suka ci gaba da harkarsu. Sai ya tsaya, ya ɗan murɗa tsirkiya, ya sauke murya, ya kama wani kiɗa da ban taɓa ji ba, mai tafiya kamar mutum yana ɗingishi amma ya ƙi tsayawa. Ya ce:

"Ƙafa tawa, ƙafar ƙaya,
Na sa ki ɗaki na kulle.
Ƙasa tana magana ban ji ba,
Iya tana kira ban ji ba."

Ban san lokacin da hannuna ya tafi ba. Na dai ji taɓaryata ta sauka inda gurumi ya sauka, ta Inna ma ta biyo. Bibata ta tsaya da faifai a hannu ta ce, "Irkoy beri!" wato Allah mai girma. Na ɗaga ido na dubi Kaka. Taɓaryarta na sama, ta tsaya a can fiye da ƙa'ida, kuma na ga leɓenta yana rawa. Wallahi na gani. Sa'an nan ta sauke ta da ƙarfi a tsakiyar bugu, inda ba kiɗa, da gangan. Tawa ta yi karo da tata har zafin ya kai mini kafaɗa.

Ta ce, "Rabi, in rawa kika so, tahi dandali. Nan daka muka yi."

Muka koma bin ta, don ba yadda za mu yi. Shi kuwa bai tsaya ba. Ya rera waƙar har ƙarshe, gurumi na tafiya gabas, taɓare na tafiya yamma, Kaka na buga nata bugun kamar mai kashe maciji. Da ya gama ya ɗora hannu bisa tsirkiya, ya jira. Ba wanda bai san amsar ba, amma sai da ya tambaya.

"Iya, mi turmi yac ce?"

Ba ta ko juyo ba. "Ai kana da kunne. Takalmi jiya, takalmi yau. Tsohuwar ta ce ka juya ma riga."

Inna ta ce, "Haba, Iya."

Kaka ta ce, "Kwashe hatsin nan, rana na yi."

Baba Nomau ya yi wata 'yar dariya da ban so in sake jin irinta. Ya kwance tsirkiyar gurumin a hankali, ya naɗe ta a yatsa, ya sa a aljihu, ya jingine gurumin a bango. Bai je bikin ba. Kafin mako ya zagayo ya shiga kamiyon wani abokin Baba mai zuwa Kurmi, ƙasar goro, bai yi sallama da kowa ba sai ni, ni ma alewa kawai ya danƙa mini ya shafa kaina. Kaka ta ɗauki gurumin, ta ɓare fatar, ta mayar da ƙwaryar abin zuba wa kaji dusa.

Da Baba ya dawo daga tafiya aka gaya masa, ya tsaya a kanta ya ce, "Iya, kin kashe yaron nan." Ban taɓa jin ya yi mata magana haka ba. Ta ce, "Shina komowa, da waƙa kuma zai komo." Daga baya na ji tana gaya wa Inna, suna tsinke zogale, "Kina tsammani ban ji ba? Na ji. Amma in na ba shi turmi don baiti guda, gobe shi koma gidan depite shi kwanta bisa shi shekara goma. Ya fara nuna. Bari yunwa ta ida dafa shi." Ta faɗe shi da tabbaci irin na wanda bai taɓa yin kuskuren gishiri ba.

Wutar magariba ba ta daina ci ba, tatsuniya ma ba ta daina ba. Sai dai ta mai rawani ba ta sake fitowa ba, ko da yaran Bibata sun roƙa. Kuma na lura duk lokacin da kamiyo ya tsaya a bakin hanya, Kaka takan yanke magana a tsakiya ta yi kamar tana gyara itace, har sai ta ji motar ta wuce.

Ina gab da aure wani ɗan kasuwa ya dawo daga Kumasi ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Ya ce Nomau dako yake yi a kasuwa, zazzaɓi ya kama shi, kwana kaɗan ya cika, 'yan uwa na zango sun yi masa sutura. Baba ya tambaye shi ko yana kiɗa a can. Mutumin ya yi mamaki. Ya ce shekarunsu tare bai taɓa sanin makaɗi ne ba, su Mai Shiru suke ce masa. Ya miƙo ƙullin kayansa: riga ɗaya, da tasbaha, da wata tsirkiya a naɗe.

Kaka ba ta yi kuka ba. Ta karɓi gaisuwa da busassun idanu har mata suka fara ƙus-ƙus. Ranar sadakar uku aka jera turame a tsakar gida za a daka gumba, matan unguwa suka cika, Hausawa da Zabarmawa. Sai Kaka ta tashi daga tabarmar makoki ta nufi turmi. Aka ce, "Iya, ki zauna, ba ke za ki yi ba." Ta fizge taɓarya daga hannun wata ta fara.

Bugu na uku Inna ta juyo ta dube ni. Kiɗan nan ne, mai ɗingishin nan. Sau ɗaya tak ta ji shi a duniya, tana ma faɗa da shi, amma ga shi a hannunta daga farko har ƙarshe, har inda ya ɗan tsaya ya ja numfashi ita ma sai ta tsaya. Matan da ba su taɓa jin waƙar ba suka bi ta, turmi bayan turmi, har gidan ya ɗauka. Aka shiga lugude a gidan mutuwa. Malamai suka aiko daga zaure a ce wa mata su ji tsoron Allah, ba wadda ta ji aiken. Ni ina daka ina kuka, hawaye na zuba cikin gumbar sadaka. Da ta kai ƙarshe ta jingine taɓarya, ta juya wajen zanar nan da ba kowa a bayanta, ta ce, "Turmi ya karɓa." Sa'an nan ta ce a ba ta ruwa ta sha.

Yau ni ce tsohuwa, ina zaune a Bobiyel wurin ɗana, unguwar da a wancan zamani daji ce. Na ga mawaƙa da yawa sun taso kamar za su taɓa sama, na kuma ga sun ƙafe suna nan da ransu. Na ga haka ga masaƙa, na gani ga teloli, mutum ya yi ɗinki ɗaya da ya karɓu, ya mutu yana maimaita shi. Mutane kan ce murya ce ta tsufa, ko an yi masa asiri, ko aljanin da ke ba shi ya tashi. Ni dai abin Kaka nake gani. Kunne ke fara mutuwa kafin baki. Rawanin kuwa iri-iri ne: yabo, cikar ciki, 'yan amshin da ba sa cewa a'a, da waƙa ɗaya da aka so ta har ta cinye ƙannenta tun suna ciki. A nan ba ta yi ƙarya ba ko kaɗan, kuma tatsuniyarta ce ta fitar da Baba Nomau ƙafa ba takalmi har ya samo abin da ya samo.

Amma ina yarinya na ɗauka mai rawani ne abin tsoro a labarin. Sai da na haifi nawa na fara tunanin tsohuwar mai tukunya. Duk taron da makaɗi zai tara, akwai kunne ɗaya da yake yi wa waƙa, in wannan ya toshe sauran ba su da amfani. Baba Nomau ya cire rawaninsa da hannunsa, ya zo da kunnuwansa a buɗe, ranar ce kuma aka sa masa wuƙa. Kaka ta san lokacin da hatsi ke surfuwa da jin ƙarar turmi kawai, amma ba ta san akwai dakan da ke wuce gari ya fasa turmin ba. Ina son ta, Allah Ya jiƙanta, kuma har yau ban gama yafe mata ba.

Wani lokaci rediyo kan tono tsofaffin waƙoƙi, sai in ji Takalmi a Ka, jikokina na dariya suna cewa mutanen da akwai ban dariya. Ɗaya waƙar ba a taɓa ɗaukar ta ba. Baitocinta sun bi Inna da Bibata kabari, sai guntun nan huɗu da na riƙe. A unguwar nan kowa inji yake kai niƙa, amma na sa an ajiye mini ƙaramin turmi don dakan yaji. Duk ranar da na ɗauki taɓarya hannuna can yake tafiya da kansa. Kwanan baya surukata ta leƙo daga kicin ta ce, "Mama, wannan wane irin daka ne, kamar mai kiɗa?" Na buɗe baki zan gaya mata, sai na ga ta riga ta koma ciki.